Ƙwaryar Ruwa a Kan Makara

Shekarar da ƙafafun mahaifiyata Mma suka ƙi, abu ɗaya na sa a gaba: in gina mata banɗaki a gida. Gidanmu yana can cikin unguwar Nima, inda in ka sauka daga motar hayar da muke kira torotoro a bakin titi sai ka yi ta kutsawa lungu bayan lungu kafin ka ga ƙofarmu. Kamar yawancin gidajen wajenmu, ba mu da banɗaki sai na jama'a da ke bakin babbar kwata, inda ake bin layi da buta a hannu. Ni dai na saba. Amma a ce Hajiya Maiturare, matar da ta sayar da turaren wuta har sunan ya bi ta, wadda in ta ratsa lungu ƙamshi kan daɗe bai tafi ba, ita ce yau nake fitar wa da fo kowace safiya, tana kau da kai don kada mu haɗa ido? Wannan abu ya hana ni sakat, kuma ni ba na iya ɓoye abin da ya dame ni.

Wurin da za a yi ginin ma yana nan a shirye. Katangar gidanmu ta waje, daidai inda lungu ya karya, ba ta cika kusurwa ba; an shafce ta kamar yadda ake yanke gefen burodi, aka bar wani ɗan fili da ba ya amfanin kowa sai awaki. Fuseini magini, Badagombe ne da ke bayan gidanmu, ya zo ya auna ya ce wurin ya isa har da rara. Na sayi bulo, aka jibge a wajen. Sai Mma ta ji motsin sauke kaya, ta tambaya, na faɗa mata ina murna. Ta ce kada a taɓa kwanar nan.

Na tambayi dalili, ta ce babanmu ne ya ce. Babanmu kuwa ya rasu tun ina 'yar makaranta. Na yi lallashi, na yi fushi, na turo mata ƙawayenta, duk a banza. In na matsa sai ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta dube ni, ta fasa. Ni kuwa kowa ya san halina a gidan: tun ranar da ta buɗe akwati za ta nuna mini farin yadin da ta sayo a Makka, na ce ba na son jin irin wannan zance, na fice na bar ta da akwatinta. Daga ranar ba ta ƙara kawo mini maganar da ta shafi tafiya ba.

Ana cikin haka ɗaliban nan suka iso. Kusan duk shekara sukan zo, daga wata jami'a ta ƙasar Holan, tare da 'yan uwansu na jami'armu ta Legon, wai suna koyon yadda ake gyara tsofaffin unguwanni ba tare da an share tarihinsu ba. Mu dai mun saba da su. Ni tela ce, amma ko ni ban kai su yawan awo ba: su auna kwata, su auna ƙofa, su ɗauki hoton akuya a kan tudun shara kamar ba su taɓa ganin dabba ba. Su sha koko da ƙosai su yi ta yabawa, rana ta gasa su su yi jajir, su tafi. Mu kuma mu ci gaba da bin layi da butocinmu.

A cikin na waccan shekarar akwai wata doguwar yarinya mai yawan shiru. Sunanta ya gagari bakin yaran unguwa, da yake kuma ranar Alhamis suka zo, sai suka raɗa mata Lamisi, ta karɓa da murna. Ta kawo mini atamfa in ɗinka mata riga, ta ga tulin bulo a waje, ta tambaya. Na zayyana mata komai da Turanci, ba don komai ba sai don na san Mma ba ta iya musu da baƙo. Na ce a raina, wannan karon awon nasu zai yi mini rana.

Lamisi ta ce ai banɗakin gida yana cikin manyan abubuwan da suka zo dubawa, za ta taimaka da zanen. Muka fita ta ga wurin. Maimakon ta fito da abin awo, sai ta tsaya tana shafa yankakkiyar katangar da tafin hannu, ta ce ta ga irin wannan a wani wuri. Na ce mata aikin magina ne na da, waɗanda ba su san kan gini ba. Ta yi murmushi kawai.

Ranar da ta dawo karɓar riga, ta roƙe ni in ajiye almakashi in raka ta. Na bi ta ina gunaguni. Ta tsaya a kwanar gidan mahauta ta nuna mini: a shafce. Kwanar bayan makarantar allo: a shafce. Wata katangar daga ƙasa cikakkiya ce, sai daga daidai kafaɗar mutum zuwa sama aka rage ta. Wani wurin kuma kwanon rufi ne aka ɗaga shi sama daidai inda lungu ya juya. A nan aka haife ni, a lungunan nan na yi wasa, na yi tallar turaren Mma, na zage su ya fi a ƙirga saboda matsi, amma ban taɓa lura ba. Ta ce sababbin gine-gine ba su da wannan, sai tsofaffi. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne, in ka bi yankan nan ɗaya bayan ɗaya, daga kowane ɓangare ka taso, tsohon masallacinmu yake kai ka.

Ta ce ta tambayi mutane da yawa. Wani ya ce don ruwan sama ne, wata ta ce don masu dakon kaya, wani dattijo ya ce hanyar aljanu ce, a bar musu. Babu amsar da ta gamsar da ita, ni ma kuma haka. Sai na ce mu je wurin Mma.

Lamisi ta durƙusa ta gaida ta da 'yar Hausar da ta tsinta, na fassara tambayarta. Mma ta daɗe tana kallona, ba baƙuwar ba. Sannan ta ce a kira mata Malam Kassim, ladanin masallaci, a ce in an idar da la'asar ya zo da makara, ya nemo maza huɗu, ni kuma in wanke mata ƙwarya. Fuseini kuma ya jera bulon nan a kwana, ba siminti, daidai yadda ginin zai tsaya. Na buɗe baki zan yi tsiya, ta ɗaga mini hannu.

"Baƙuwa ta yi tambaya, Latifatu," in ji ta. "Ba a barin baƙo ya tafi da tambayarsa."

Ana idar da la'asar, nan da nan labari ya gama unguwa cewa an ga makara ta nufi gidan Hajiya Maiturare. Mata suka yafo mayafai suna salati, wata ma tun daga bakin lungu ta fara kuka. Suka tarar da Mma zaune a kan kujera a ƙofar gida, ta sha ɗaurin kallabi, tana jan carbi tana amsa gaisuwa. Mai kukan ta rasa inda za ta sa fuskarta. Mma ta ce mata ta adana hawayen, za su yi amfani nan gaba. Ɗaliban ma duk sun hallara da malamansu, sun rakuɓe a jikin bango suna zare ido.

A nan Mma ta yi bayani, ina fassarawa. Ta ce lokacin da iyayensu suka sauka a nan, wurin fili ne da ciyawa. Akwai Bahaushe, akwai Bazabarme, akwai Bamoshe, Badagombe, Bawangare, Kotokoli, kowa da harshensa, kowa ya baro kaburburan iyayensa a nesa. Babu safiyo mai awon ƙasa, babu takarda, kowa inda ya samu yake kafa ɗaki. Abu ɗaya ne yake tsorata baƙo a ƙasar da ba tasa ba: ya mutu a rasa yadda za a fitar da shi da mutunci. Sai suka yi yarjejeniya. Duk wanda zai tayar da katanga, sai an ɗauko makara ba kowa a ciki, a ɗora ƙwarya cike da ruwa a tsakiyarta, a bi ta gefen gininsa har masallaci. In ruwan ya zuba, katangar ce za ta matsa, ko ta wane ce, domin ba a karkata mamaci.

Malam Kassim ya gyaɗa kai. Ya ce yana ƙaramin yaro ya ga an yi sau ɗaya, ya ɗauka wasa ne na manya, daga baya aka daina, aka manta. Ya ce in za a gwada, a faro daga can ƙarshen unguwa, gidan da ya fi kowanne nisa, wanda ke kallon unguwar Maamobi ta tsallaken kwata. Aka bar Mma a kujerarta, muka ɗunguma.

Na cika ƙwaryar da hannuna har ruwan ya kusa baki, Malam Kassim ya yi bisimilla ya ɗora. Fuseini da wasu maza uku suka sa kafaɗa. Aka fara tafiya.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na gani ba, sai dai in faɗe shi yadda ya faru. Makarar doguwa ce, lungun kuwa wani wurin mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya juya gefe. Da muka doshi kwanar farko na ce a raina ba za ta shige ba. Sai kafaɗar na gaba ta faɗa daidai cikin ramin da aka rage a katanga, ƙarshen makarar ya bi ta inda aka shafce ɗaya ɓangaren, ta juya sumul. Ruwan ya yi rawa, sararin sama yana lilo a cikinsa, ya koma ya kwanta. Kwana ta biyu ma haka. A ta uku, inda aka ɗaga kwanon rufi, hular Fuseini ta wuce da ƙyar, ko taɓawa ba ta yi ba.

Nima da kowa ya sani da hayaniya, rediyon wannan, injin markaɗen wancan, sai ga shi ana kashe su ɗaya bayan ɗaya. Masu dakan fufu suka tsayar da taɓarya. Mutane suka riƙa fitowa daga gidaje suna bin baya, ba mai magana sai kalmar shahada ƙasa-ƙasa. Ɗaliban da ba sa rabuwa da kyamara, na duba na ga duk sun sauke hannu, babu mai ɗaukar komai. Lamisi tana gefena, ta riƙe gefen mayafina ba ta ma sani ba.

A wata kwana, wani tsoho da ke zaune a kan benci ya miƙe da sandarsa ya dafa bango. Ya ce wannan kakansa ne ya yanke, Bamoshe ne, ɗakinsa ɗaya tak, ya ba da gefensa saboda wani Bazabarme da ke bayansa wanda ko gaisuwar juna ba sa ji. Ya ce tun yana yaro yake jin haushin ƙanƙantar ɗakin, sai yau ya ga abin da aka saya da shi. Mutanen da nake cewa ba su san kan gini ba, ashe unguwa guda suka tsara da ƙwarya ɗaya, suka tanadar wa kowa hanyar fita tun ba a haife shi ba. Na ji kaina ƙarama ƙwarai, kuma ban ji haushin hakan ba.

Haka muka yi ta bi, ruwa yana rawa yana kwanciya, har muka hango Mma a kujerarta da jerin bulona a kwana. Har a lokacin ina da sauran fata. Na gaba biyu suka wuce. Na baya suka zo, ƙafar makarar ta tokare da bulo. Suka ja baya, suka sake gwadawa, abu ya ƙi. Sai suka yi abin da kowa zai yi: suka ɗaga gefe ɗaya. Ƙwaryar ta zame, ruwan ya kwarara a kafaɗar Fuseini, ya jiƙa masa riga har ƙugu, ƙwaryar ta gangara ta tsaya a gaban ƙafafun Mma.

Mma ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki ƙwaryar, ta goge ta da gefen zane, ta miƙo mini.

"Latifatu, na san abin da kike nema mini, Allah ya yi miki albarka," in ji ta. "Ni ma ina jin kunyar fon nan fiye da yadda kike zato. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ta nan aka fitar da babanku, a miƙe, bai gogi bango ba. Ta nan za a fitar da duk waɗanda ke bayanmu. Ni ma ta nan nake so."

Na so in yi faɗa, domin shi na fi iyawa, amma kuka ya riga shi fitowa. Ina ganin Fuseini, da jiƙaƙƙiyar rigarsa, ya fara kwashe bulo ba wanda ya sa shi. Sai ɗaliban suka shiga layi, ana miƙa wa juna hannu da hannu, har kwanar ta koma yadda take. Aka sake cika ƙwarya, aka koma baya kaɗan, aka taho. Makarar ta juya a gaban Mma, ta miƙe sai masallaci, Malam Kassim ya sauke ƙwaryar a cike ya zuba ruwan a gindin bishiyar darbejiya da ke ƙofa.

To, mamaki dai an sha, amma fo yana nan yana jirana da safe. Na faɗa wa Lamisi haka ba tare da kwana-kwana ba. Sauran kwanakin da suka rage musu, ita da abokanta biyu na Legon a cikin gidanmu suka ƙare su, suna awo, wannan karon kuwa ban yi musu dariya ba. Suka duba ko'ina, wuri ɗaya ne kawai bututu zai iya fita ba tare da an taɓa lungu ba, shi ne ɗakin ɗinkina. Lamisi ta yi ta jan magana tana jin nauyin faɗa mini. Na ce mata ta daina wahalar da kanta, Bamoshe ma ya ba da gefen ɗakinsa don wanda bai sani ba, balle ni da uwata. Na fitar da keken ɗinki zuwa baranda, na jingina shi da bayan katangar nan mai yankakkiyar kwana.

Kafin su tafi sun tara mutanen unguwa a wata makaranta sun nuna abin da suka gano. Shawararsu ta farko ita ce, duk wanda zai zo gyara Nima, da taswira ko da katafila, ya fara bin makara da ƙwaryar ruwa kafin ya rushe ko ya gina. Ko masu iko za su ji, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne, a wajenmu yanzu ba mai ɗora bulo a bakin lungu sai ya aika wa Malam Kassim.

Fuseini ya gama aikin bayan tafiyarsu. Ranar farko Mma ta dogara sandarta, ta ƙi in riƙe ta, ta shiga ta rufe ƙofa da kanta. Da ta fito sai ta sa aka kawo mata kasko da garwashi ta turara wurin, ta ce ɗaki ne sabo, yana da hakki. Na ɗauki hotonta a bakin ƙofar tana dariya na tura wa Lamisi. A ranar na jefar da fon a bola, kuma na daɗe ban ji daɗi irin na wannan rana ba.

Ta ci moriyarsa damina guda da 'yan watanni. A cikin watannin ne na zauna da kaina na ce ta buɗe akwatin nan ta nuna mini yadin, ta faɗa mini duk yadda take so a yi. Ta rasu wata safiya bayan ta yi sallah, a zaune, carbi a hannu.

Mata ba sa bin makara. Da aka gama shirya ta, maza suka ɗauka suka fita, mu muka tsaya a cikin gida. Sauran mata suka zauna a tabarma, ni kuwa na wuce baranda, na ture keken ɗinki gefe, na manna kunnena da tafin hannuna a jikin katanga. Ina jin takun ƙafafu yana matsowa, ina jin shahada tana tahowa ta ɗaya ɓangaren bangon, kusa da ni ƙwarai. Na riƙe numfashi ina jiran ƙarar gogar itace da siminti. Takun ya rage sauri, ya juya, ya yi nisa. Ban ji komai ba.

Da yamma da suka dawo daga maƙabarta, Fuseini ya shigo yi mini ta'aziyya, da jar ƙasa a ƙafar wandonsa. Shi ne ya riƙe baya ta hagu, inda ruwa ya taɓa zubar masa. Na ce masa tambaya ɗaya gare ni, kuma ya riga ya san ta.

"Anti Latifa, ka kwantar da hankali," in ji shi, da irin Hausarsa ta zango. "Hajiya ya wuce a miƙe. Da an ɗora ƙwarya, ko ɗigo ba zai zuba ba."